Jan ido da dushewar ji: lokacin da laifin na hanyoyin jini ne

Ciwon ido da ciwon kunne, kowanne da ɗakinsa a asibiti, kowanne da likitansa da katinsa. Wannan rabon aiki yana da amfani, amma akwai wasu 'yan cututtuka da ke samun maɓoya a cikinsa. Su ne waɗanda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa jikin da take tsaro, ta kumbura bangon hanyoyin jini, ta fara taɓa ido da kunnen ciki tun kafin ta bayyana a wani wuri. Likitan ido ya ga ja da kumburi, ya ba da maganin ɗigawa, ido ya lafa. Bayan wata biyu ko uku likitan kunne ya ga jiri da raguwar ji, ya ɗauka ciwon Meniya ne, wato wani ciwon kunnen ciki mai kawo jiri, ko kuwa bairos. Kowannensu ya yi daidai gwargwadon abin da aka kawo masa. Abin da ya ɓace tambaya ce guda: mai jan ido ba a tambaye shi kunnensa ba, mai jiri ba a tambaye shi ko idonsa ya taɓa ciwo ba. Asarar kuma ba ɗaya ba ce a ɓangarorin biyu, domin ido yakan warke, ji kuwa in ya tafi da wuya ya dawo.

Dalilin wannan bambanci yana cikin ginin kunnen ciki. Sashen ji wani ɗan ƙashi ne mai siffar katantanwa, ya nannaɗe wajen sau biyu da rabi, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi, wajen 3,500 a layin ciki da wajen 12,000 a layukan waje, su ne ke mayar da girgizar sauti saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Da su aka haifi mutum, kuma wadda ta mutu ba a maye gurbinta. Aikinsu ya dogara da wani siririn zirin nama mai yawan hanyoyin jini a gefen katantanwar, wanda ke tura sinadarin fotasiyam cikin ruwan, yana riƙe da cajin lantarki na wajen milibolt 80. Duk wannan gini jijiyar jini ɗaya tal ke ciyar da shi, ba ta da mataimakiya, kamar unguwa ce mai bututun ruwa guda: in ya toshe babu ta inda za a zagayo. Sassan da ke riƙe daidaiton jiki, waɗanda ke hana mutum tangaɗi, suna manne da katantanwar, ruwansu ɗaya, jininsu ɗaya. Shi ya sa jiri da amai da ƙarar kunne da raguwar ji ke zuwa a tare.

Ido kuma nasa raunin daban ne. Gilashin gaban ido, wato koniya, ba shi da hanyar jini ko ɗaya, don haka ne haske ke ratsa shi. Farin ido yana da 'yan hanyoyin jini ƙanana da jini ke tafiya a hankali cikinsu, wuri mai sauƙin taruwar sinadaran kumburi. Dukansu biyu, ido da kunnen ciki, jiki ya katange su daga sintirin garkuwa na yau da kullum. In katangar ta fashe, garkuwa takan tarar da sunadaran da ba ta saba gani ba, ta ɗauke su baƙi.

Ciwon Kogan

Wanda ya fi fito da wannan haɗi fili shi ne ciwon Kogan. A 1945 wani likitan ido a birnin Bostan na Amurka, Debid Kogan, ya bayyana marasa lafiya huɗu masu kumburi a cikin naman koniya tare da jiri da kurumta, alhali gwaji bai nuna suna da tunjere ba. A wancan zamani duk mai irin wannan haɗi tunjere ake ɗora wa, don haka raba su da ya yi ba ƙaramin abu ba ne. A 1980 Hens da abokan aikinsa suka kasa ciwon gida biyu. Na asali shi ne wanda ke da kumburin naman koniya, kuma alamun ido da na kunne suka zo cikin shekara biyu da juna. Ɗayan kuma shi ne wanda kumburin ya kama wani sashen ido, kamar farin ido ko baƙin ido ko shimfiɗar gani ta baya, ko kuwa tazarar ta wuce shekara biyu. Wannan na biyu ya fi zuwa da cutar sauran jiki. A 2012 taron ƙwararru na Cafel Hil ya sa ciwon cikin jerin kumburin hanyoyin jini da ke iya kama kowace irin jijiya, babba ko matsakaiciya ko ƙarama, rukuni ɗaya da wani ciwon da ake kira Behcet.

Ya fi kama matasa, masu shekara ashirin da wani abu zuwa talatin da wani abu, maza da mata kusan daidai, ko da yake yara da tsofaffi ma ba su tsira ba. Da yawa sukan ce mura ko ciwon maƙogwaro ya riga shi da 'yan makonni. A mafi yawan lokaci tazarar ido da kunne ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, kuma kowanne na iya riga ɗan'uwansa.

A farko abin da ake gani a ido ba shi da ban tsoro, nan ne ma tarkon yake. 'Yan ɗige-ɗige ne masu hazo a gefen koniya, suna zuwa suna tafiya, suna kama da na ciwon idon bairos. Wanda ya duba yau zai gani, wanda ya duba jibi ba lalle ya gani ba. Sai an daɗe ba magani ne hanyoyin jini ke kutsawa cikin koniya, su bar tabo da bututun da jini ya janye daga ciki. Kunne kuwa da ƙarfi yake zuwa: jiri mai kayar da mutum, amai, ƙara kamar ta inji, ji yana sauka yana ɗan hawa yana sake sauka, yau kunnen dama, bayan mako biyu na hagu. Cikin wata ɗaya zuwa uku ana iya kaiwa ga kurumta. A wani nazari na asibitin Mayo da aka buga a 2006, wanda ya bi bayanan mutum 60 na tsawon rabin ƙarni, wajen rabinsu sun ƙare da kurumta mai tsanani, alhali makanta ta dindindin ba ta cika faruwa ba.

Ana raba shi da ciwon Meniya ta hanyar lokaci da yawan kunnuwa. Jirin Meniya yakan ɗauki minti 20 zuwa awa 12 ya saki, yakan tsaya a kunne ɗaya shekara da shekaru, ji kuma a hankali yake raguwa. Na Kogan yakan yi kwanaki ko makonni bai saki ba, ya kama kunne biyu da wuri. In sassan daidaito na ɓangarorin biyu suka mutu, jirin juyawa yakan daina, sai wani abu ya maye gurbinsa: mutum yana tafiya yana ganin duniya tana rawa a idonsa, ba ya iya karanta allo sai ya tsaya cak, in duhu ya yi kuma tangaɗi ya ƙaru. Bai kamata a ɗauki dainawar jirin nan a matsayin sauƙi ba.

Akwai abin da ya kamata a faɗa don kada sunan rukunin ya ruɗi mutum. A 'yan ƙasusuwan kunne da aka bincika bayan rasuwar masu ciwon, abin da aka fi tararwa shi ne taron ƙwayoyin garkuwa, kumburar ruwan kunnen ciki, lalacewar ƙwayoyin ji, da sabon ƙashi da ya cike ramin katantanwa. Kumburin bangon jijiya kansa ya fi bayyana a wajen kunne. Wajen mutum ɗaya cikin goma yana samun kumburin babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, wato ayota, gindinta ya faɗaɗa, murfin bakinta ya daina rufewa da kyau, jini ya riƙa komawa baya. Wasu kuma rassan ayota ne ke ƙuntata, ko jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, ko na hanji, ko na ƙoda. Wannan ɓangare shi ke kisa, kuma yana iya ɓullowa shekaru bayan ido ya lafa.

Sauran masu zuwa da wannan haɗi

Na gaba, kuma wanda ya fi Kogan yawa, shi ne ciwon da aka daɗe ana kira da sunan Wegena, wanda tun 2011 aka koma rubuta shi da GPA. Ƙananan hanyoyin jini yake kamawa, mazauninsa hanci da kogunan hanci da huhu da ƙoda. Kunnensa sau da yawa na tsakiya ne: kumburi ya toshe bututun da ke haɗa kunne da bayan hanci, ruwa ya taru bayan dodon kunne, ko kunne ya yi ta zubar da ruwa, a yi ta ba da maganin ƙwayoyin cuta ba ya ji. Yana iya kama kunnen ciki ma, ko ya shanye jijiyar fuska. A ido yana kawo kumburin farin ido mai zafi, ko gyambo a gefen koniya da ke cin nama har ya huda, ko ƙulli a bayan ido da ke turo shi waje. Babban mutum da ke da ruwa a kunne wata da watanni, ga hanci yana ɓawo da jini, ga ido ja mai zafi, a duba fitsarinsa a ranar. Kafin zuwan magungunan yanzu, rahoton Walton na 1958 ya nuna matsakaicin rayuwar masu ciwon wata biyar ne, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari ba sa kai shekara. Ƙoda ce ke lalacewa shiru, babu zafi.

Ciwon Susak, da Jon Susak ya bayyana a 1979, ya fi kama mata masu shekara 20 zuwa 40. Shi idonsa ba ya ja. Ƙananan rassan jijiyar shimfiɗar gani ne ke toshewa, wani yanki na abin da mutum ke kallo ya ɓace. Ji yakan ragu a sautuka masu kauri, sannan ga ciwon kai da ruɗewa da sauyin hali, har a kai mutum sashen masu taɓin hankali. Hoton MRI yana nuna tabo zagayayyu a tsakiyar gadar da ke haɗa ɓarin ƙwaƙwalwa biyu. Ba kasafai alamun uku ke hallara lokaci ɗaya ba.

Akwai kuma ciwon guringuntsi mai komowa, wanda saman kunne ke ja ya kumbura amma lallausan gindinsa ya tsira saboda ba shi da guringuntsi. Karan hanci na iya lotsawa, maƙogwaron iska ya yi laushi. In namiji ne da ya haura hamsin, ga ƙarancin jini mai manyan ƙwayoyi, a tuna da wani ciwon kumburi mai suna VEXAS da aka gano a 2020. Wani ciwon kuma da ake kira VKH ƙwayoyin launi yake hari, ba hanyoyin jini ba, amma yana kawo kumburin ido biyu da ƙarar kunne da sanƙarewar wuya, daga baya gashin ido ya yi fari. Wanda ya haura hamsin kuma, mai sabon ciwon kai a gefen goshi, muƙamuƙi na gajiya in yana tauna, gani na ɗaukewa yana dawowa, wannan kumburin jijiyar gefen kai ne har sai an tabbatar ba shi ba ne, kuma a ranar ake fara masa magani.

Wane jan ido, wace dushewar ji

Mafi yawan jan ido ba shi da alaƙa da wannan magana. Ciwon fatar saman ido yana ƙaiƙayi, yana kwantsa, kamar an zuba yashi, amma gani garau yake. Wanda ke da haɗari alamunsa huɗu: zafi mai zurfi, ƙin haske, raguwar gani, da ja da ya fi taruwa a kewayen baƙin ido. Zafin kumburin farin ido yana huda har goshi da muƙamuƙi, yana ta da mutum daga barci, in an taɓa ido ta saman fatar sai ya zabura, launinsa kuma ja ne mai sirkin shuɗi. Likita na ɗiga fenilefirin ya jira minti 10 zuwa 15: in jan ya washe, kumburin na sama ne, mai sauƙi; in bai washe ba, ya kai farin ido kansa. Kusan rabin masu wannan na biyu ana samun wata cuta ta jiki gaba ɗaya a tare da su. Kumburin baƙin ido kuma, in an haska lafiyayyen idon sai mai ciwon ya yi zafi. Duk waɗannan sai da fitilar duba ido mai madubin ƙara girma ake tabbatar da su, tocila ba ta isa.

A kunne tambayar farko ita ce: toshewa ce ko jijiya? Mutum na iya gwada kansa ta hanyar rufe baki ya yi gunji a maƙogwaro. In ya fi jin sautin a kunnen da ke damunsa, toshewa ce, kamar dattin kunne ko ruwa a bayan dodon kunne. In sautin ya gudu zuwa lafiyayyen kunne, matsalar tana kunnen ciki, kuma ta gaggawa ce. A asibiti ana yin irin wannan da ƙarfen nan mai yatsu biyu da ke kaɗawa sau 512 a daƙiƙa, a ɗora shi a tsakiyar goshi. Sai kuma cikakken gwajin ji na na'ura. Ma'aunin da aka yarda da shi na faɗuwar ji farat ɗaya shi ne raguwar desibel 30 ko fiye (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), a matakan sauti uku da ke jere, cikin awa 72. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a leƙa kunne, a ga dodon kunne lafiya lau, a ce ba komai, ko a wanke kunne a ce a dawo bayan wata guda. Lafiyayyen dodon kunne a kunnen da ba ya ji shi ne ma abin tsoro. Gwajin kuma kada ya tsaya kan jin ƙara kaɗai, a auna fahimtar kalmomi, domin a wannan rukuni mutum na iya jin ana magana amma ba ya rarrabe abin da ake faɗa.

Kafin a ɗora wa garkuwa laifi

Babu gwajin jini da ke tabbatar da ciwon Kogan. An gwada neman wasu sinadaran garkuwa, har da wanda ke kai wa sunadarin HSP70 hari, amma ba su kai a dogara da su ba. Ana gane shi ne ta haɗa alamu da kore masu kama da shi, kuma na farkon korewa tunjere ne, wanda ke iya kwaikwayon duk abin da aka lissafa a sama. Gwaji iri biyu ake yi tare: RPR ko VDRL, da kuma TPHA ko makamancinsa, saboda na farkon na iya fitowa babu komai in cutar ta tsufa. In aka same shi a ido ko kunne, allurar fenisilin guda ɗaya ta ɗuwawu ba ta wadatarwa. Ta jijiya ake bayarwa, yunit miliyan 18 zuwa 24 a rana, kwana 10 zuwa 14. Bayansa sai tarin fuka, ƙanjamau, ciwon kumburi na sakoyid, da bairos ɗin da ke kawo ƙuraje masu bin jijiya. A kuma tambayi magungunan da mutum ya sha ko aka yi masa: jentamaisin, amikasin, sitireftomaisin, kwinin, furosemaid mai yawa ta jijiya, sisfilatin, dukansu suna iya kashe ji, jan idon kuma ya zama haɗuwa ce kawai.

Sauran bincike ba shi da yawa, kuma mafi muhimmancinsa ya fi kowanne sauƙi. A tsoma tsinken gwaji a fitsari a nemi jini da sunadari, in an gani a duba a madubin likita, a auna kiriyatinin a jini don ganin aikin ƙoda. A ƙirga ƙwayoyin jini, a yi gwajin kumburi na ESR da CRP, da sanin cewa suna iya zama daidai alhali kunne na lalacewa. A yi gwajin jini na ANCA, mai neman wasu sinadaran garkuwa: nau'in PR3 ya fi tafiya da GPA, sai dai wanda cutarsa ta tsaya a kai da wuya na iya fitowa babu, don haka rashinsa ba ya wanke mutum, wani lokaci sai an yanki nama daga hanci ko ƙoda. A ɗauki hoton ƙirji. A auna hawan jini a hannu biyu, bambancin da ya wuce 10 abin bi ne. A taɓa bugun jini a wuyan hannu da ƙafa, a saurari wuya da ciki da zuciya, a yi hoton zuciya na sauti don ganin gindin ayota da murfinta. MRI na kunnen ciki yana aiki biyu: yana kore ƙari a jijiyar ji, yana kuma nuna ko ruwan katantanwa ya fara cushewa.

Magani, da inda yake karkacewa

Ido in kumburin na koniya ne ko na gaban baƙin ido, maganin ɗigawa na sitiroyid, wato mai danne kumburi, yakan isa, kamar firednisolon mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari, da farko duk awa ɗaya ko biyu, a riƙa ragewa cikin makonni, tare da maganin buɗe ƙofar haske irin su atirofin don rage zafi da hana baƙin ido mannewa. Sharaɗi biyu ne. A fara shafa rinin fuloresin a tabbatar babu gyambon bairos ko na fangas, domin sitiroyid a kan irin wannan gyambo yana iya huda ido. Sannan a riƙa auna matsin ruwan ido, wanda daidansa 10 zuwa 21 ne, saboda a wasu mutane maganin na ɗaga shi ba tare da sun ji komai ba. Kumburin farin ido da na bayan ido ba sa jin ɗigawa, sai na sha ko na jijiya.

Kunne kuma maganin ɗigawa ba ya kai gare shi sam. Ana ba da firednisolon na sha, miligiram 1 kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, yawanci har zuwa 60, da safe. In abin ya yi tsanani a fara da metilfirednisolon ta jijiya, miligiram 500 zuwa 1,000 a rana, kwana uku. Amfaninsa ya fi yawa in an fara cikin mako biyun farko. A nan ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne kada a zauna jiran duk sakamako: a ɗebi jinin tunjere da sauransu, a ɗauki hoton ƙirji, a fara magani, a gyara hanya in sakamako ya zo da wani labari. Kurumtar farat ɗaya ta gama-gari ana yi mata kwana 7 zuwa 14 a janye, amma in ana zargin garkuwa, kamar yadda Birayan Makeb ya fara bayyanawa a 1979, akan riƙe cikakken adadin mako biyu zuwa huɗu, a sake gwajin ji, sannan a sauko a hankali cikin watanni. Gajeren magani na kwana biyar yakan ba da sauƙi na ɗan lokaci, cutar ta dawo a ɗaya kunnen. Ana kuma iya yin allurar deksametason ta cikin dodon kunne, ko don ƙari, ko ga wanda sukari ya hana shi shan mai yawa. In an yi cikakken gwaji na wata guda ji bai motsa ba, ci gaba da sitiroyid mai yawa saboda kunne kaɗai cutarwa ce.

Tunda ba a zama kan sitiroyid mai yawa har abada, ana haɗa wani maganin da zai riƙe garkuwa: metotireksat miligiram 15 zuwa 25 sau ɗaya a mako tare da folik asid, ko azatayofirin, ko maikofenolet. A ciwon Kogan, wani nazarin Faransa na 2017 ya nuna kunne ya fi amsa infiliksimab, wajen mutum takwas cikin goma, alhali masu sitiroyid kaɗai wajen ɗaya cikin uku ne. Mutanen kaɗan ne, kuma bayanan baya aka tattara, amma ya sa likitoci da yawa suna saurin kaiwa gare shi maimakon ajiye shi sai ƙarshe. A GPA mai tsanani kuwa hujja ta fi ƙarfi: rituksimab ko saikulofosfamaid tare da sitiroyid, kuma tun gwajin da aka buga a 2010 aka san rituksimab bai gaza ɗayan ba. Akan ba da shi giram 1 sau biyu da tazarar mako biyu, ko miligiram 375 kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki duk mako har sau huɗu.

Yawancin ɓarnar da ake gani a wannan mataki daga maganin take fitowa, kuma kusan duk ana iya kauce mata. Metotireksat na mako ne; masu shan sa kullum bisa kuskure sukan ƙare da gyambon baki da rushewar ɓargo, wasu har mutuwa, kuma ba a ba mai ciki ko mai neman ciki. Infiliksimab na ta da tarin fuka da ke kwance, rituksimab na ta da ciwon hanta nau'in B, don haka gwajinsu kafin farawa wajibi ne. Wanda ya zauna inda tsutsar ciki ta sitironjiloyid take, a ba shi aibamektin kafin sitiroyid mai yawa. Mai shan miligiram 20 ko fiye na wata guda tare da wani mai danne garkuwa yana buƙatar kariyar kotirimoksazol daga wani nau'in ciwon huhu, sai dai haɗa shi da metotireksat na buƙatar taka-tsantsan da yawan gwajin jini. A riƙa auna sukari da hawan jini, a kare ƙashi da kalsiyam da bitamin D. Wanda ya wuce mako uku yana shan sitiroyid kada ya yanke shi rana ɗaya, domin jikinsa ya rage yin nasa, yankewar na iya sa matsin jininsa ya faɗi.

In ji ya riga ya tafi a kunne biyu, na'urar ƙara sauti ba ta da abin da za ta ƙara wa. Abin da ke aiki shi ne dashen na'urar ji a cikin katantanwa, wadda ke tsallake matattun ƙwayoyin ta taɓa jijiya kai tsaye, kuma masu ciwon Kogan suna cikin waɗanda ke samun kyakkyawan sakamako da ita, tunda sun riga sun iya magana kuma jijiyarsu yawanci tana nan. Amma ita ma tana da wa'adi. Katantanwar da ta kumbura takan cika da tabo, tabon ya zama ƙashi, wani lokaci cikin 'yan watanni, kuma in ramin ya toshe wayar ba ta shiga yadda ake so. Saboda haka ana tura mutum wurin masu dashe da zarar an ga magani bai dawo da ji ba, a maimaita MRI da CT, ba a jira shekara. Tangaɗi kuma ana rage shi da atisayen daidaito, wanda ke koya wa ido da ƙafa su ɗauki aikin kunne. Magungunan kwantar da jiri na kwana biyu ko uku ne kawai, daɗewa a kansu na hana ƙwaƙwalwa sabawa. Bibiyar zuciya da ayota tana ci gaba ko da ido da kunne sun yi shiru: awon jini a hannu biyu da sauraron zuciya a kowace ziyara, hoton zuciya lokaci-lokaci, da hoton manyan jijiyoyi nan take in aka sami haki, ciwon ƙirji, ciwon ciki bayan cin abinci, ko hannu mai saurin gajiya.